Kalma Ɗaya Da Ke Neman Rufe Ajin Matan Dangoma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Raya Karatun Manya ta 'yan asalin Gwandu da Kalgo, Alhaji Abdulrasheed. Masu girma wakilan iyayenmu hakimai. Malamanmu limamai, da Fasto Ezekiel. 'Yan kwamiti da ke zaune a kan kujeru masu hannu. Malaman azuzuwan manya da ke zaune a kan benci. Iyayena da ƙannena matan Dangoma, waɗanda suka ciko mota tun da safe suka zo Kalgo ba tare da kowa ya gayyace su ba. 'Yan'uwa na Masama da na Dalijan. Da ku da kuka rasa wurin zama kuka maƙale a taga: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Halimatusa'adiya, daga Gwandu. Na koyar da 'yan mata Turanci har muryata ta koma yadda kuke jin ta yau.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan maudu'i, wato amfanin Turanci ga malamin manya. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe shi. An zaci magana ce mai sanyi, irin wadda dattijo zai ɗan runtse ido a cikinta kafin a kawo shinkafa. Ina kuma godiya ta musamman ga sakatare, Malam Zakariya, da ya sa jawabina kafin kaɗa ƙuri'a, ba bayanta ba. Malam Zakariya, Allah Ya saka maka da alheri. Ba ka san abin da ka yi ba, amma ladarka na nan.

Jama'a, ga abin da za a kaɗa wa ƙuri'a, domin kada kowa ya ce bai ji ba. Da na sauka daga nan, kwamiti zai yanke shawarar rufe ajin mata na Dangoma. A kwashe bencina, a ɗauke allo, a ce wa malamarsu, Malama Larai, ta koma gida ta huta. Dalili kuwa jimla ɗaya ce a cikin rahoton jarrabawar da aka yi musu. Ga ta nan da Turancinta: "The learners have relapsed into illiteracy." Da Hausa, wai ɗaliban sun koma jahilci. An ce mini da aka karanta wannan jimla a zaman kwamiti, kowa ya gyaɗa kai. Wanda ya gane ya gyaɗa, wanda bai gane ba ya fi kowa gyaɗawa.

To tunda Turanci aka ce in koyar, Turanci zan koyar. Ku gyara zama.

Bature yana da kalmomin komawa baya masu yawa, har ina zaton sun fi na ci gaba yawa a bakinsa. Mu ma muna da namu. Muna cewa ciwo ya dawo, muna cewa abu ya taɓarɓare, muna cewa wane ya koma gidan jiya. Kuma ba ma haɗa su. Ba wanda zai ce katangarsa ta koma gidan jiya. Haka Bature ma ba ya haɗa nasa. Kowace kalma da nata wurin, kowace da irin nauyin da take ɗora wa wanda aka jefa da ita.

Mu fara da wadda ta tara mu, wato relapse. Wannan kalmar asibiti ce. Kafin ta halatta, sai mutum ya yi ciwo, sai ya sami sauƙi, sannan ciwon ya dawo. In babu sauƙi a tsakiya, babu relapse. Kun san mutumin. Kowace unguwa tana da shi. Zazzaɓi ya kayar da shi, an ba shi magani an ce ya shanye. Ya sha kaɗan, ya ji ƙarfi, ya naɗe sauran ƙwayoyin a leda ya soke a rufin ɗaki saboda wata rana, ya tafi fadama dashen shinkafa. Da yamma sai ga shi an kawo shi a kan babur, mutum ɗaya a gaba, mutum ɗaya a baya yana riƙe da shi. Wannan shi ne relapse. Ana kuma faɗin ta ga wanda ya bar taba ko ƙwaya, ya yi watanni, sannan ya koma. Kuma ku lura, kalma ce mai tausayi. Ba a zagin wanda ya yi relapse, mayar da shi wurin likita ake yi. Ban taɓa jin asibitin da majinyaci ya yi relapse aka ce to a rufe asibitin, a kwashe gadaje ba. Mai girma shugaba, ina fata ana rubuta wannan.

Sai regress. Ita kuma ba ciwo ba ce, komawa ce matakin da aka riga aka wuce. Iyaye mata, ku ne malaman wannan kalma. Yaro an yaye shi, yana tafiya, har yana korar kaji. Ranar da aka yi masa ƙane, sai ya zube ƙasa ya koma rarrafe, ya ce shi ma sai an goya shi. Ya yi regress. Ita ce kishiyar progress, wato ci gaba, kalmar nan da ake rubutawa a jikin riga duk lokacin zaɓe. Kuma ba yara kaɗai ke yin ta ba. Magidanci mai furfura, mai faɗa a ji a kasuwa, mura ta kama shi, sai ka ji yana nishi yana tambaya ko an sanar da mahaifiyarsa. Ina ganin ana dariya a bencin mata. Ban kira sunan kowa ba.

Ta uku na koye ta ne ba a littafi ba, a bakin abokiyar aikina Malama Naomi, 'yar Zuru, ga ta can. Wata rana a ɗakin malamai na ji tana cewa wani ɗan'uwanta ya yi backslide. Na ce, "Naomi, faɗuwa ya yi?" Ta ce, "Ya fi faɗuwa, Hajiya. Ya tuba a gaban kowa, har da kuka, har ya shiga 'yan waƙa. Yanzu ranar Lahadi sai dai ki same shi inda kika sani." Kalmar coci ce, Fasto zai gyara mini in na yi kuskure. Hotonta shi ne mutum yana hawan gaɓar gulbi bayan ruwan sama, laka na zame masa, yana sulalewa da baya. Amma kada limamanmu su yi murmushi da yawa. Ku kwatanta sahun asuba a goman ƙarshe na azumi da sahun asuba mako biyu bayan Salla. Abin da ya faru da sauran sahun, sunansa ke nan da Turanci. Bambancinta da relapse shi ne wannan: relapse tana cewa sannu, backslide tana cewa ka ji kunya.

Akwai wata 'yar ƙarama, lapse. Tuntuɓe ne, ba faɗuwa ba. Mace ta shekara tana miya mai daɗi, yau ta manta gishiri. Ba a sake ta, ba a kira taro, an miƙo gishiri. Amma tana da fuska ta biyu, kuma ina roƙon 'yan kwamiti su buɗe kunne. In aka bar abu ya mutu da kansa don ba wanda ya kula, shi ma an ce ya yi lapse. Lasisin tuƙi yana yin haka. Alkawari ma yana yin haka. Misali, a ce wata ƙungiya ta yi wa wani aji alkawarin littattafan karatu, aka tafa, aka ɗauki hoto, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Misali kawai na bayar.

Deteriorate kuwa ba ta buƙatar ka koma ko'ina. Lalacewa ce a hankali, kana zaune. Albasar da aka jibge a ɗaki ana jiran tsada, ita ce uwar wannan kalma. Gwiwoyina suna yin ta. Rufin ajin Dangoma ya yi nisa a cikinta, har in ana ruwa sai ɗalibai su rabu gida biyu, a bar wa ruwa tsakiyar aji. Wannan bai shiga rahoto ba, wataƙila ranar ba a ɗaga kai sama ba.

'Yar'uwarta ita ce degenerate. Ita ba lalacewar jiki kaɗai ba ce, zubewar daraja ce. Taro ya fara da addu'a ya ƙare da jifa da kujeru, an ce ya yi degenerate. Ina fata namu ba zai kai can ba, ko da yake na lura kujerun kwamiti sun fi nauyi. Gargaɗi ɗaya: kada ka kira mutum da wannan kalma. Zagi ne mai kai mutum gaban alƙali. Akwai kuma wata doguwa, recidivism, ta ɓarawon da ya fito daga gidan yari ya koma sana'a. Ku bar wa alƙalai ita, ko furta ta wahala ne.

Ta ƙarshe ita ce revert, kuma ita ba ruwanta. Komawa ce yadda ake a da, ko da kyau ko ba kyau. Ka ba da aron gona, wa'adi ya cika, gona ta yi revert ga mai ita. Sai dai 'yan ofis ɗinmu sun ba ta sabon aiki. Ka kai kuka, a ce maka, "I will revert," wai za a waiwaye ka. Da na kai wa Malam Zakariya ƙorafi a kan wannan rahoto, abin da ya ce mini ke nan. Har yau ina jira in ga abin da zai koma.

To, jama'a, ga kalmomi na baza muku kamar kayan koli. Saura mu ga wadda ta dace da matan Dangoma. Ba za mu sani ba sai mun san abin da ya faru ranar jarrabawa. Ni na shiga mota na je na tambaya. Abin mamaki, ba a hana kowa zuwa. Hanya a buɗe take.

Wanda ya yi jarrabawar shi ne Malam Sirajuddeen, ga shi can a gefe yana duban takalminsa. Ɗaga kanka, ɗana, ba kai na zo yanka ba. Ɗanmu ne, mahaifinsa ɗan Gwandu ne, amma a Fatakwal aka haife shi, can ya girma, can ya yi karatu mai zurfi. Ya dawo gida da niyyar taimako, ƙungiya ta ce ya je ya auna ajin. Yaro mai ladabi, mai tausayi. Tausayin ne ma ya jawo mana wannan taro.

Ya isa Dangoma, ya ga mata da yawansu sun haife shi. Ya ce a ransa, kada in ba iyayena kunya da kalmomi masu wuya, bari in rubuta wa kowace abin da ta fi sani a duniya. Sai ya roƙi Malama Larai ta jira a waje don kada ta yi wa kowa raɗa. Sannan ya kira mai unguwa ya ce ya gaya masa sunan mijin kowace ɗaliba. Mai unguwa ya ga baƙo da jaka yana neman sunayen magidanta, ya tabbata rabon taki ne. Ya ba da sunaye da sauri, har ya ƙara da na waɗanda matansu ba sa ajin. Kafin a ce haka, labari ya zaga gari. Magidanta suka bar abin da suke yi suka taru a gindin taga, kowa na jira a kira shi.

Ku hango wurin. Mata a kan benci. Mazansu a taga. Baƙo namiji a gaban allo. Ya ɗauki alli ya rubuta sunan mijin Inna Habiba da manyan baƙaƙe, ya juyo yana murmushi, ya ce, "Inna, karanta mana wannan."

Inna Habiba, ga ta nan a sahun gaba da mayafi ruwan ƙasa, ta dubi allo, ta dubi taga, ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Ɗana, goge wanga. Akwai mutane."

Ya ce, "Inna, kada ki ji tsoro, a hankali. Harafin farko fa?"

Ta ce, "Na gane shi sarai. Shi ya sa na ce ka goge."

Ya rubuta a takardarsa cewa ta kasa.

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta sunkuyar da kai. Wata ta ce idonta na ciwo. Wata dariya ta kama ta har ta faɗa jikin ta kusa da ita. Da aka zo kan Sumayya, ƙaramarsu, mai ƙarfin hali, sai ta miƙe ta kira haruffan ɗaya-ɗaya, tsaf, ba kuskure. Ya ji daɗi, ya ce, "Madalla, to haɗa su." Ta ce, "Malam, na kawo maka su har ƙofa. Haɗawar kai ka yi." Ya rubuta cewa ta san haruffa amma ba ta iya haɗa kalma ba. Mijinta kuwa, daga taga, sai ya amsa da ƙarfi, "Ga ni nan, buhu nawa ne?"

Ku bar dariya, ba a zo wurin ba tukuna. Da Malam Sirajuddeen ya ga duk sun faɗi, tausayi ya ƙara kama shi. Ya ce bari ya sauƙaƙa. Ya goge sunayen maza, ya ce yanzu kowace ta zo ta rubuta sunan ɗanta na fari.

Ɗan fari, jama'a. A Dangoma. A gaban mutane.

An ce mini a nan ne wata tsohuwa ta tashi ta ɗauki takalmanta ta ce ta bar tukunya a wuta.

Yanzu ina tambayar wannan zaure, kuma ina so a amsa mini a zuci. Wace mace ce a cikin iyayenmu take kiran sunan mijinta? Wace ce take kiran sunan ɗanta na fari? Ba Malam ba ne, ba Alhaji ba ne, ba mai gidan nan ba ne, ba shi ba ne? Ba mu ne ba, in yaron maƙwabta ya ci sunan mai gida, sai mu koma kiransa Mai Sunan Malam har ya yi gemu? Ni da ke tsaye a nan, na karanta littattafan Turawa har idona ya nemi gilashi, na tsaya a gaban aji na yi wa manyan mutane gyara. Ga mai gidana can a sahu na uku yana yi kamar bai san ni ba. Ku tambaye shi ko ya taɓa jin sunansa a bakina. Malam Sirajuddeen, da ni ka rubuta wa shi a allo, da ni ma yau ina cikin rahoto.

Ga kuma abin da ya hana ni barci don dariya, sannan ya hana ni barci don haushi. Wadda ba ta iya karatu ba, me zai ba ta kunya a jikin allo? A wurinta zanen alli ne kawai. Za ta dube shi ido cikin ido, ta yi ta lalube, ta ce ko rago ne, ko gero ne. Ba ta da dalilin rufe baki. Wadda ta rufe baki, ta karanta ne. Wadda ta sunkuyar da kai, ta karanta ne. Wadda ta tuna da tukunya, ta ji tambayar sarai kuma ta san hannunta zai iya rubutawa, shi ya sa ta gudu. Aji guda ya ci jarrabawa a gaban idon kowa, aka rubuta cewa ya faɗi.

Ba na ganin laifin Malam Sirajuddeen sosai. A inda ya tashi, mace na kiran mijinta da sunansa daga wannan bakin titi zuwa wancan, ba wanda zai waiwaya. Ya auna da mudun da ya sani, kuma ya rubuta abin da ya gani da gaskiya. Laifinsa ɗaya, bai tambayi Malama Larai ba da ya fito. Ita kuma da ta ji abin da aka yi, ta zo har nan Kalgo don ta yi bayani, aka ce mata rahoto ya riga ya shiga.

Haushina yana kan kujeru masu hannu. Ku gafarce ni, iyayena ne ku da yayyena, amma yau sai na faɗa. Ku 'yan ƙasar nan ne. A cikin ɗakunan nan aka haife ku. Babu ɗayanku da ya taɓa jin mahaifiyarsa ta kira sunan mahaifinsa. Waɗansunku 'ya'yan fari ne, har iyayenku mata suka koma ga Allah ba su kira sunanku ba, kuma kun san ba ƙi ba ne, kun san so ne ya yi yawa har ya koma kunya. Da a ce da Hausa aka zo aka ce muku, "Mun sa matan Dangoma su kira sunan mazansu a gaban jama'a sun ƙi," da kun yi dariya har rawani ya kwance. Amma da aka naɗe maganar a cikin relapse, aka ɗaure ta da illiteracy, ba wanda ya ce yaya aka yi gwajin. Ba wanda ya ce me aka tambaye su. Kalma ta shigo da takalmi, kowa ya tashi ya ba ta wuri.

Wannan shi ne darasin Turancin da na zo da shi, malaman manya. Amfanin Turanci a gare ku ba ku yi ado da shi ba ne. Amfaninsa shi ne, in aka jefo muku kalma, ku tare ta, ku juya ta, ku tambaye ta abin da ta gani da idonta. In an ce relapse, ku ce wane ciwo, yaushe aka warke, wa ya ga dawowarsa. In an ce deteriorate, ku ce tun yaushe, kuma wa ke da alhakin gyara. Kalmar da ba ta iya amsa tambaya ba, kada ku bari ta kori ko kaza, balle ta rufe aji.

Kuma don kada a ce na zo da son kai, zan faɗi gaskiyar da ke cikin rahoton. Komawa jahilci abu ne da ke faruwa. Na gani a gidanmu. Gwaggona ta yi ajin yaƙi da jahilci tun muna yara, har tana karanta mana rubutun jikin kwalin shayi. Aka rufe ajinsu, ba littafi, ba jarida, ba wanda ya sake miƙa mata takarda. Kafin ta rasu ko sunanta ba ta iya ganewa. Karatu kamar hanyar gona yake, in ƙafa ta daina bi, ciyawa ta rufe. Saboda haka ku ji da kyau. Jimlar nan ƙarya ce yau. Amma in kuka kaɗa ƙuri'ar rufe ajin, ku ba ta shekara biyu, za ta zama gaskiya, kuma ku ne kuka mai da ta gaskiya da hannunku.

Kun san abin da za ku karɓe? Inna Habiba tana da 'ya da ke aure a Ilori. A da, in saƙo ya shigo wayarta, sai ta nemi wanda zai karanta mata. Kafin ta san 'yarta na da ciki, unguwa ta sani. Kafin ta san an yi ɓari, unguwa ta sani, har an fara shigowa jaje tana tambayar jajen me. Yanzu takan shiga ɗaki, ta sa wayar kusa da ido, ta yi ta fama da saƙon ita kaɗai har ta cinye shi. Ta ce mini, "Hajiya, yanzu in na yi kuka, ni na san dalili kahin kowa." Wannan ne za a ɗora a mota tare da bencina.

Mai girma shugaba, ba na roƙon a yarda da ni. Ni mai surutu ce, kowa ya sani. Ga allo can a jingine da aka rubuta jadawalin taro. Ga alli a jakata, malama ba ta fita ba shi. Ina roƙonka ka taso da kanka, ka rubuta duk abin da ka ga dama. Sharaɗi ɗaya, kada ka rubuta sunan mijin kowa.

Ya taso, jama'a. Allah Ya ƙara girma. A ba shi hanya. Malam Zakariya, riƙe masa allon kada ya zame.

Ranka ya daɗe, wannan rubutu naka, in ba don girmanka ba da na ce ya yi ɗaya daga cikin kalmomin da na lissafa. Ba komai, likitoci ma haka suke yi.

Inna Habiba, bismillah. Matso kusa, ba mai korar ki. Ku yi shiru a taga. Kada wanda ya taya ta, Malama Larai, har ke. Na ga bakinki na motsi.

A hankali, Inna.

Na baya ba ku ji ba, bari in maimaita muku yadda ta karanta. Ta ce: "Ba a rufe ba. A sake gwaji bayan girbi. A gyara rufi." Ta kuma ce a gaya wa Alhaji, gwajin nan in ya so a yi shi yanzu, ita ba ta da aiki sai la'asar.

Ku zauna, ku zauna. Ku bar guɗar haka nan, iyayena, limamai na nan. Malama Larai, share fuskarki, ɗalibanki na kallo. Mai girma shugaba, na ga sauran 'yan kwamiti suna gyaɗa kai, kuma wannan karon na tabbata kowa ya gane abin da yake gyaɗa wa. Ban so "bayan girbi" ba, amma na karɓa. Malam Sirajuddeen, kai za ka koma ka yi gwajin, ba wani ba. Ka tafi da wuri, ka ci tuwon Dangoma, ka zauna da Malama Larai ta gaya maka abin da ba a rubutawa a allo.

Allah Ya saka wa shugabanmu da alheri, Ya ba 'yan kwamiti haƙurin abin da suka ji daga bakina. Allah Ya ƙara wa malaman manya ƙarfin gwiwa, Ya sa wa alli da allonsu albarka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙin da ciwo ba ya dawowa bayansa. Wanda ya tuba, Allah Ya riƙe ƙafarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya zaunar da Gwandu da Kalgo da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Matan Dangoma, Allah Ya bar muku karatunku, Ya bar muku kunyarku, Ya mai da ku gida lafiya. Direbanku ya ce in gaya muku ba zai tashi ba sai kun ci abinci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.